Kaset ɗin Nomau

Ranar Litinin na shiga shagon Tsahiru,
bayan Babbar Kasuwa, jere da masu gyaran agogo,
kaset guda a aljihun riga,
jikka talatin ƙulle a hankici.

Ya ce, "Baba, ga wannan lasifikar,
in ta buɗe baki har Tibiri sai sun ji."
Ya murɗa. Kwanon rufi ya kama rawa,
ƙirjina ya amsa,
akuyar bakin ƙofa ta tsinke igiya.
Na ce, "Kashe, yaro.
Ban zo sayen aradu ba,
damina na kawo mana ita kyauta."

Na miƙa kaset. Ya yi dariya,
ya tono tsohuwar na'ura ƙarƙashin tebur, ya hure ta.

Muryar wana ce, Nomau,
wadda ya naɗa a tsakar gidanmu na Bagalam
shekarar da nake dako a Abijan:
gero ya yi, gulbi ya kawo,
an sayar da jakin nan mai taurin kai.

Babbar ta kumbura shi
kamar mai magana daga ƙasan rijiya.
Mai fitilu ja da shuɗi
ta tsuke shi, ya koma sauro.
Nomau bai taɓa zama sauro ba.

Can lungu, wasu biyu na katako,
ɗaya kusurwarta ta ɓantare.
"Waɗannan kwance ne, Baba."
Na ce, "Haɗa."

Sai ga shi, har da jan numfashinsa.
Bayansa kuma, nesa kaɗan,
taɓarya ta tsaya,
tari guda,
sannan: "Ka ce masa ya riƙa cin abinci."

Inna.

Shekara talatin da bakwai ina juya kaset ɗin nan
ban san tana ciki ba.

Tsahiru ya ce ashirin da biyar.
Ni da nake taya allura sai mai ita ya gaji,
na kwance hankici, ban ce uffan ba.

Bisa kabu-kabu na rungume su kamar tagwaye,
ina ce wa yaron ya bi ramuka a hankali.

Mun iso, an ɗauke wuta.
Na jera su, dama da hagu,
na ja kujera tsakiya.
Habsu ta leƙo: "Me kake saurare a duhu?"
Na ce, "Kawo tuwon.
An ce in riƙa ci."