Mai Rubutun Bango

Ni ne Arzika mai fenti, bakin tashar Tawa.
Shekara sha tara ina rubuta alkawarin wasu a bangon wasu.
In ka ga manyan baƙaƙe daga kasuwa har hanyar Ƙwanni,
hannun nawa ne, bakin ba nawa ba.

Wancan zaɓe Nomau ya zo da galan biyu na shuɗi.
Ya ce: Rubuta, za mu cike tabki mu yi tashar mota.
Na rubuta, kowane baƙi tsawon yaron goye.
Masu lambu suka wuce da albasa bisa jakai,
ko sannu da aiki ban samu ba.

Asumanu kore ya kawo.
Ya ce: Rubuta, ba za a ƙara ko dala kan kuɗin rumfa ba.
Matan kasuwa suka yi guɗa tun fenti bai bushe ba.
Kafin kaka biyu, kuɗin rumfa ya haihu.

Zaɓe ya sake zagayowa kamar mai bin bashi.
Asumanu ya aiko yaronsa bayan lisha
da farin fenti, da jikka biyar a ninke:
A shafe kafin asalatu,
Alhaji bai taɓa faɗin haka ba.
Na shafe. Sau uku na bi kansa.
Amma bango ya fi mutum riƙon magana.
Ruwan farko na sauka
sai ga "ko dala" ta leƙo ta ƙarƙashin fari
kamar tsagar gado a fuskar da ta sha hoda.

Nomau da rana tsaka ya zo, da ƙafarsa,
takalmi duk laka.
Ya ce: Kar ka shafe.
Ja layi ɗaya a kai, siriri, yadda za a iya karantawa.
A ƙasa ka sa: Na yi kure.
Na ce: Wannan ba a taɓa ba ni ita ba,
ban ma san kuɗinta ba.
Ya ce kwana uku ya yi cikin masu lambu,
ya ƙirga rijiyoyin da ke shan nonon tabkin,
ya ga inda ruwa zai kwana in an ƙwace masa gida:
ta ɗakin tsohuwa Tsahara zai fara.

A fada, shayi ya huce ana gardama.
Illa mai kabu-kabu ya ce: Duk hawainiya ce,
wanda ya juya jiya, gobe ma juyawa zai yi.
Kadri tela ya ce: Kai da ba ka murɗa kan babur,
da tuni muna karɓar gaisuwarka.

Ni dai ina wanke buroshi da kananzir.
Na tuna na taɓa rantsuwa ɗana ba zai ga Abijan ba.
Ni na ɗaure masa kaya, ni na raka shi mota.
Ba wanda ya ce mini maƙaryaci;
kowa ya leƙa rumbuna ya ga ƙasa.

Ban ce Nomau waliyyi ne ba.
Ta yiwu ba rijiyoyi ya ƙirga ba, kawuna ya ƙirga.
Har yau ina bin sa jikka biyu na wancan shuɗin,
Asumanu kuwa bai taɓa cin mini ko dala ba.
Wannan ma yana hana ni barci.

Amma ran Lahadi, bayan labule,
ba zan tambayi wa ya juya ba.
Rana ma juyawa take, inuwa na bin ta.
Zan tambaya: da dare ya zo ko da rana?
Ya bar tsohon rubutu a gani?

Sai in tsoma yatsa cikin tawada,
wadda kananzir ba ya fitarwa,
in fito da ita a buɗe,
don in na yi kure ni ma
a san hannun da ya rubuta.