Harafin da Ba a Furtawa

A Gadarif, bayan rumbunan riɗi,
inda aka mai da makaranta asibiti,
ni ke riƙe da littafin masu shigowa:
suna, shekaru, daga ina, yaushe gudawar ta fara.
Larabcin Likita Amparo bai cika cokali ba,
ni kuma ba ni da Sifaniyancin sayen gishiri,
sai muka ƙulla musaya,
kalma uku kullum bayan la'asar,
a kan bencin Hajja Batula mai gahawa.

Ta fara da dato.
Ta ɗora yatsa a layi ɗaya na littafina:
namiji, wata tara, kilo biyar.
Wannan ƙwaya ɗaya, in ji ta, ita ce dato.
Na ce ashe tsabar riɗi ce,
sai an tara ake matsar mai.

Cifra, adadi.
Na ce wannan ai tamu ce, sifiri,
ta tafi yawon duniya ta dawo da ƙiba.
A wurinmu ba komai ba ce,
a bakinki ɗari huɗu da goma sha ɗaya,
na makon nan kaɗai.
Ni na yi dariya. Ita ta juya kofinta.

Hecho, abin da ya auku ya tabbata.
Ta ce kada in taɓa harafin farko,
rubuta shi ake yi, a wuce shi shiru.
Na daɗe ina kallonsa tsaye a bakin kalma
kamar ɗan aike a ƙofar zaure,
ya zo da saƙo, ya cire takalmi,
ya kasa sallama.

Fuente ta fi kwanta mini.
Kalma ɗaya, aiki biyu:
inda labari ya fito, da inda ruwa ke ɓuɓɓugowa.
Duk safiya tambayarmu ke nan ga iyayen yara,
wace rijiya, wane mai jaki ya kawo muku?
Ban san ana yi wa magana wannan tambaya ba.

Dicen que ba ta ba ni wuya ba.
Wai.
Wata goma sha huɗu muna tuwo da ita a gida.
Wai an ga ƙanena Mudassiru a gadar Hantub.
Wai a Sinja yake, yana tura baro.
Wai ya rame, wai ya tara gemu, wai yana ɗingishi.
Gwaggo Hurera ta kara wayarta a kunnena,
murya ta tura wa murya ta tura wa murya.
Na ce, Gwaggo, wace rijiya?
Ta ce matar wan wani direban lori.
Na sha duk da haka. Ƙishirwa ba ta tace ruwa.

Testigo, ganau.
Na rubuta ta sau bakwai a bayan kwalin magani
don hannuna ya saba,
ko da wata rana.

Ranar Laraba likita ta ce lokaci ya yi,
in haɗa jimla da kaina, ba kalma tsirara ba.
Ta tambaye ni ƙanena.
Na laluba ɗan abin da na tara,
na jera shi kamar canji a tafin hannu:
No hay datos.
Babu bayani.
Ta ce daidai, ba kuskure ko ɗaya.
Ta karɓi biro, ta ƙara kalma a ƙarshe,
todavía.
Tukuna.

Da za ta tashi ta ce ojalá,
ta buɗe baki za ta fassara,
na ce bar shi, na ji sunan Wanda ke ciki.

Yanzu idan na rufe lissafin yini,
na tara na sama, na ja layi,
nakan bar gurbi ɗaya a ƙasan shafi.
Mai duba littafi ya ce ɓarnar takarda ce.
Na ce masa harafi ne.
Ba a furta shi.