Ƙusa a Bangon Hinewai

Tun Talata ake ruwa a Hokitika,
teku na dukan gaɓa kamar mai bin bashi.
Na shiga mashayar Hinewai da karyayyar laima,
littafin tara a aljihun ƙirjina, gefensa ya jiƙe.

Doka ta ce sunan mai kula da mashaya
ya zauna a bango, inda ido zai same shi.
Allon ya faɗa bayan firji.
Ƙusar kaɗai ta rage, tana tsatsa.

Ba majalisa ce ta yanka kuɗin ba.
Gurbi ta bari a takarda, ta miƙa wa minista alƙalami,
ta ce, ƙananan laifuka dai, kai ka sa musu farashi.
Ya kuwa sa, can Wellington, a saman bene,
inda ba a jin ƙarnin kifi a rigar kowa.

Ba na kushe tsarin. Na ga zamanin da
yaro zai fasa kwalba a inda aka hana,
ya wayi gari sunansa na kundin kotu,
tabon ya riga shi isa wurin neman aiki.
Yanzu takarda ce kawai. Biya, kama gabanka.

Sai dai lamba ba ta da kunne.
Ga mai jiragen kamun kifi uku, canjin aljihu ce.
Ga Hinewai, kuɗin wuta ne na wata guda.
Da alƙali ne, da ya tambayi yaushe allon ya faɗi,
da ta ce daren da ƙasa ta motsa,
daren da ta tare kwalabe da ƙirjinta.
A takardata babu layin da ake rubuta dalili.

Tsoho Fergus, daga ƙarshen kanta,
ya ce, wanda ya yanka kuɗin nan, gobe zai iya ninkawa?
Na ce zai iya.
Ba tare da an tashi muhawara ba?
Na dubi takalmina.

Na rubuta, don ido ya riga ya gani.
Ita kuwa ta ɗauko guduma,
na riƙe mata allon.
Ya miƙe? ta ce.
Ɗan ɗaga hagu.

Takardar kuma ta soke ta a tsohuwar ƙusar,
ta ce, gara ta sami abin riƙewa.