Gado na Huɗu, Ƙarfe Biyun Dare

An ɗauke wuta, janareta ya karɓa,
na'urar ko gezau.
Tana hura wa Sallau iska,
shi da ya shekara arba'in yana zuga wuta
a maƙerar bayan Ƙofar Marusa.

Ƙirjinsa na tashi yana sauka,
amma wa ke ɗagawa, injin ko shi?
Mutum biyu sun tallabi gungume ɗaya,
daga nesa ba ka gane
wanda kafaɗarsa ke ci.

Littafi ya ce a zura siririn bututu ta hanci,
a saukar da shi maƙoshi ya jiyo labari.
Babu shi a ma'ajinmu.
Ko da akwai,
jikin nan ya sha huji ya ƙoshi.

Da la'asar Tsahara ta tare ni a baranda,
kwanon fura a hannu, furar da ba mai sha.
Ta ce, "Likita, Baba bai iya cewa ya gaji ba.
Ranar da guduma ta fasa masa yatsa
cewa ya yi, da sauƙi."

To, ba bakinsa zan tambaya ba.
Na danna maɓalli, na rufe ƙofar iska
tsawon numfashi guda,
bai kai a ce bisimillahi ba.
Bai sani ba. Ya ja.
Koren layi ya nutse a allo
kamar guga a rijiyar bazara,
ni kuwa ina ƙirga igiya.

Gaba ashirin da biyu.
Na sake. Ashirin da uku.
Ashe duk shirun nan dambe yake yi.

In na bar shi haka, huhu zai yage
kamar tsohuwar fatar zugazugi.
In na ɗauke masa kayan duka
tantanin da ke jan iska zai miƙe ƙafa
ya manta sana'arsa,
ranar da za mu cire bututu mu kira shi
ba zai amsa ba.

Kai ka fi ni sanin wannan, Sallau:
iska ta yi yawa, ƙarfe ya ƙone,
ta yi kaɗan, ba ya ja.

Na ƙara tallafi taki biyu kacal.
Sista Lantana ta goge masa goshi,
ta gyara matashi, ba ta ce komai ba.
Muka tsaya muna kallon wuyansa
har jijiyoyin suka saki.

Kafin asalatu na sake rufe ƙofar.
Sha ɗaya.
Na rubuta a takarda, biro na gardama,
na ja layi a ƙarƙashi.

A baranda Tsahara ta yi barci a zaune,
takalmin ubanta cikin leda a cinyarta.
Ban tashe ta ba.
Ƙarfe shida zan sake tambayarsa.