Daidaita Mudu

An ɗauke wuta tun la'asar,
injin asibiti na tari a bayan taga,
ni kuwa ga ni da gwiwoyin duniya a gabana,
an jera su gida-gida a cikin kwamfuta.
Tsofaffi dubu goma sha ɗaya, ƙasashe shida,
ba wanda ya taɓa cin tuwon wani,
amosanin gaɓɓai ne ya ɗaura musu zumunta.

Aikina in daidaita mudu.
Kowace ƙasa da tiyar da ta auna ciwonta:
wasu daga ɗaya zuwa biyar, wasu har goma,
wasu da zanen fuska, mai murmushi da mai yatsina.
Aka ce in juye su a buhu guda,
kada tsaba ko ɗaya ta faɗi ƙasa.

Tambaya ta huɗu ce ta tsaya mini a maƙogwaro:
"Kina shan wuya wajen hawa bene?"
Na kai ta Rafindadi, tsakar gidan Gwaggo Tasalla,
ta dube ni, ta dubi rufin kwanonta.
"Wane bene, Tanimu?
Ni da dokin ƙohwa ma
sai na yi shawara da ƙahwata kahin in ƙetara."

Ta biyar, shiga kwamin wanka.
Ta shida, sanya safa.
Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

"Tambaye ni sujada.
Tambaye ni rabon goshina da ƙasa,
shekara ukku ina salla bisa kujerar roba
kamar wadda ta zo kallon biki.
Tambaye ni tsugunno a bayi,
da tashi daga tabarma in baƙo ya yi sallama,
sai ya gaji ya juya ina nan ina neman bango.
Gwiwar nan ta riga rediyo sanin hadari."

Na koma na duba sau uku,
babu gidan sujada.
Na sa mata bakwai, hannuna na nauyi,
kamar mai awon da ya san mudunsa a lotse yake.

Sai ran Laraba, wajen sha biyun dare,
a can gefe, inda ake zuba maganar da ba ta da lamba,
na tsinci wata, lamba dubu biyu da ɗari da sha huɗu,
daga tsibirin da rana ke riga mu gani:
ta daina iya naɗe ƙafa a ƙasa
ta zuba wa ƙanwarta shayi.
Ƙasa da ita wani tsoho, a wata nahiya,
shi kaɗai ke tsaye in cocinsu ya durƙusa.
Ga mai dashen shinkafa. Ga mai ɗaure wa jika takalmi.
Na ƙirga su har asuba, ɗari uku da tara,
kowa da harshensa, duk ƙasa suke nema
ƙasa tana musu nisa.

Na buɗe sabon gida, na sa masa suna Durƙuso,
na aika wa manyan da ke can.
Sati biyu suka amsa:
sun gode, za a duba a zagaye na gaba.

Na faɗa wa Gwaggo tana da ƙawa bayan teku.
Ta daina murza gwiwa, ta ce, "Shekarunta nawa?"
Na ce saba'in da takwas.
"Ashe yarinya ce.
Ka ce ta gwada man kaɗe da ɗumi-ɗuminsa,
ta daure ta riƙa takawa, zama shi ka cinye ta.
Ka ce ina gaishe ta."

Ga ni kuma gaban kwamfuta, injin na tari,
ina neman gidan da zan sa gaisuwa.