Abin da Ke Bayan Takarda

A York, in iska ta juyo daga masana'anta,
unguwarmu duka sai ta ɗau ƙanshin cakulan,
har kayan da na shanya a igiya.
Ni kuwa likita ta duba jinina ta girgiza kai:
saura taku ɗaya, Malam, ka faɗa ciwon suga.

Ran Asabar a kanti Barira ta ɗauko sanda guda
mai riga mai walƙiya.
"Baba, akwai madara a ciki fa.
Malamarmu ta ce madara ke gina ƙashi."
Shekararta bakwai, haƙoran gaba biyu sun tafi hutu,
amma hujja a bakinta sai ka ce lauya.

Na zaro tabarau, na juya bayan takardar,
inda ake ajiye gaskiya da rubutu kamar sawun kiyashi.
Sukari ne liman.
Madara na sahu na biyu, busasshiya, an mai da ita gari.
Koko kuwa can baya,
mai gidan da aka bari tsaye a ƙofar gidansa.

Koko fa!
Mu koko da ƙosai muka san shi.
Na nan ɗan itace ne mai ɗaci, ya sha rana a wata gona,
ya hau jirgin ruwa, ya iso ya manta ɗacinsa.

Sai na tuna ƙwaryar Inna Tasalla a Gumel,
kindirmo mai tsayawa da ƙafarsa cikin ludayi.
Ba lamba a jikinta, ba kashi kaza cikin ɗari,
ranar lalacewarsa harshe ke faɗa.
Tsohuwar ba ta taɓa jin kalmar kalsiyam ba,
da haƙoranta ta tauna rake har ta bar duniya.

Ba zan yi wa yarinya ƙarya ba.
Na ce, e, akwai madara,
kamar yadda akwai nama
a miyar gidan mutum talatin.

Muka ɗau jarkar madara mai sanyi,
muka ɗau baƙin cakulan, wanda koko ke limanci.
Ƙarfe huɗu rana ta riga ta faɗi, yayyafi ya rako mu gida.

Ta gatsa, ta yamutsa fuska.
"Baba, wannan ai goronka ne!"
Ta kai kofi baki don ta kashe ɗacin,
ta shanye tas, ta ɗago da farin gashin baki.
Ban ce uffan ba.

Da dare na buɗe taga.
Iskar ta sake juyowa.
Na shaƙa, na cika huhu,
ƙanshi dai likita ba ta hana ba.

Mai walƙiyar kuwa tana aljihun kwat ɗina.
Na biya kuɗinta a ɓoye.
Ta Juma'a ce, rabi nata,
rabin kuma, to, Allah ya kai mu.