Awon Tela

Na shimfiɗa tef ɗina a kan tsohuwar taswirar Luba,
daga Sakkwato zuwa Guwanzu:
inci goma sha ɗaya.
Ko hannun rigar yaro bai kai ba.
Na yi dariya ni kaɗai a shago, Mabera ta yi tsit da rana.

Marwana ɗan maƙwabci ya latsa waya, ya ce,
"Baba, kilomita dubu sha ɗaya ne da 'yan kai,
in tsuntsu ya miƙe bai ratse ba."
To, jirgi ba tsuntsu ba ne.
Sai da ya ajiye ta Abuja,
wani ya zaunar da ita Adis Ababa har tsakar dare,
sannan aka haye teku da ita tana gyangyaɗi.

Shekara talatin ina awo.
Na san kafaɗar ango, na san tsawon likkafani,
ban taɓa gamuwa da abin da ya fi ƙarfin tef ba
sai bana.

In an kira magariba a nan,
can ƙarfe biyun dare ne,
ta kifa kai a kan littafin ƙasusuwa.
In na tashi asuba, tana cin shinkafar rana da tsinke biyu.
Ranar tamu ɗaya ce,
ita ke fara amfani da ita, ta turo min saura.

Kilishin da uwarta ta ƙunshe,
an karɓe shi a bakin ƙofa.
Rigar da na ɗinka dai ta wuce lafiya.
Na bar inci biyu a kalmasa, ko za ta yi jiki.

Jiya ta ce rigar ta yi mata yawa.